Wuta, Zafi da Faifai: Lacca kan Duba Tsarin Fayil a Linux

Laccar da aka gabatar ga matasa masu gyaran kwamfuta da masu shagunan buga takardu a Tondibia, Yamai

 

A farkon watan Agustan 2023, ƴan kwanaki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar ta layin Birnin Kebbi, bisa takunkumin ƙungiyar CEDEAO. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin lantarki na NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa, kuma sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita. Tsakanin nan injinan tashoshin wuta na Goudel da na Gorou Banda suka ɗauki nauyin birni, tare da sabuwar tashar hasken rana mai megawat 30 da ta soma aiki a ƙarshen 2023, ana raba wuta unguwa-unguwa. Mai ƙanƙara ya ji a jikinsa, tela ya ji, mai walda ya ji. Akwai kuma wata asarar da ba a cika sa ta a lissafi ba: faifan kwamfutar da wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu.

Wanda ya ɗora wa kwamfutarsa Linux, Ubuntu ce ko Debian ko Mint, yakan je wurin mai gyara da ɗaya cikin buƙatu biyu. Ko dai ta ƙi tashi bayan ɗaukewar wuta, ko kuma ta yi nauyi yana so a tattara masa faifai kamar yadda ya saba a Windows. Ta biyun aka fi nacewa a kai, domin mutane da yawa sun taɓa zama suna kallon launuka na jeruwa a allon tsohuwar Windows har hankalinsu ya kwanta. Duba lafiyar tsarin fayil kuwa ba a tuna shi sai ranar da allo ya yi baƙi. A ganin mai wannan lacca an juya al'amarin ne. A gari irin Yamai dubawa ce wajibi, tattarawa kuwa sai jefi-jefi ake buƙatarta.

Tondibia gari ne na bariki, saboda haka kowa a nan ya san aikin mai kula da sito: kaya a kan kantoci masu lamba, ga littafi da ke nuna kayan wane ne a wace kanta, da kantar da ta cika da wadda babu komai. In littafin ya ɓace ko shafinsa ya yage, kayan na nan daram amma babu mai iya cewa ga nasa. Tsarin fayil shi ne littafin nan.

A ext4, tsarin da Ubuntu da Debian da Mint ke kafawa in ba a zaɓi wani ba, ana yanka faifai zuwa ƙananan gurabe, kowanne mai cin bayit 4096. Kowane fayil yana da ɗan katinsa da ake kira inod, wanda ke riƙe da girmansa, da mai shi, da ranar da aka taɓa shi, da lambobin guraben da abin cikinsa ke kwance. Sunan fayil ba ya cikin katin. Suna yana cikin folda, ita kuwa folda jeri ce kawai da ke haɗa suna da lambar inod. Sai taswira biyu, ɗaya ta guraben da aka cika da waɗanda ke sarari, ɗaya ta katunan. A bisa duka akwai babban shafi, superblock, mai faɗin girman tsarin gaba ɗaya da inda kowane sashe ya soma.

Ajiye fayil guda ɗaya ke nan yana buƙatar rubutu a wurare da yawa: a taswira, a kati, a folda, sannan a guraben da ke ɗauke da ainihin abin. Ba a lokaci guda ake yin su ba, ɗaya ne bayan ɗaya. In wuta ta ɗauke a tsakani, ɓarnar na iya zama iri-iri. Wani lokaci gurabe ne ake nuna an cika su alhali babu mai su, wannan asarar wuri ce kawai. Wani lokaci kati ne ke nan da kayansa amma babu sunan da ke nuni gare shi. Mafi muni shi ne guraben da wani fayil ke amfani da su taswira ta ce sarari ne. Kwamfuta za ta tashi lafiya, mai ita ya yi hamdala, bayan mako guda sabon fayil ya kwanta a kan tsohon. Irin wannan ɓarna mai tafiya a ɓoye ita ta sa aka ƙirƙiro fsck.

Manhajar ta girmi Linux. Ted Kowalski ne ya rubuta ta a Bell Labs ta Amurka don Unix, wajen 1980. Da Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991, tsarin fayil na Minix ya ara, wanda ba ya wuce megabayit 64 kuma sunan fayil ba ya wuce harafi 14. Wani Bafaranshe, Rémy Card, ya rubuta ext a 1992, sannan ext2 a 1993, tare da gudummawar Theodore Ts'o da Stephen Tweedie. Ext2 na da sauri da tsari, amma duk sanda aka kashe kwamfuta ba bisa ƙa'ida ba, sai an bi faifan kaf kafin ta tashi. A babban faifai wannan na iya cin sa'o'i.

Maganin ya zo a 2001 da ext3, aikin da Tweedie ya jagoranta, ya kuma ɗore a ext4 da ta tabbata a watan Disamban 2008. Dabarar ita ce a ware wani ɗan sashe na faifai ya zama kundin niyya. Kafin a taɓa taswira ko kati ko folda, sai an fara rubuta a kundin abin da za a yi, a rufe shi da hatimi, sannan a je a yi. In wuta ta ɗauke, da tashi sai a buɗe kundin: abin da ke da hatimi a ƙarasa shi, wanda ba shi da shi a zubar. Daƙiƙoƙi kaɗan an gama. Wannan ne dalilin da ya sa kwamfuta mai Linux ke tashi lafiya a mafi yawan ɗaukewar wuta, mai ita bai ma san an yi wani gyara ba.

Sai dai a lura da iyakar kundin. A yadda aka saba saita shi, lissafin tsarin yake karewa, ba abin da mutum ya rubuta ba. Kundin na rufe shafi kusan kowace daƙiƙa 5, amma ainihin bayanai na iya zama a ƙwaƙwalwar kwamfuta har kimanin daƙiƙa 30 kafin su sauka faifai. A farkon 2009 masu gwada Ubuntu 9.04 a kan ext4 suka riƙa tarar da fayilolin saiti sun koma fanko, girmansu sifili, bayan kwamfuta ta mutu farat ɗaya. An yi muhawara mai zafi. Ts'o ya ce masu rubuta manhaja ne ba sa umartar faifai ya tabbatar da rubutu, su kuma suka ce ext3 ba ta yi musu haka ba. A ƙarshe ya sa gyara a Linux 2.6.30 don rufe mafi yawan ramin. Darasin ya shafi ɗalibar Jami'ar Abdou Moumouni da ke buga kundin kammala karatunta a shagon unguwa: tsarin fayil na iya fitowa tas, babin da aka buga a minti na ƙarshe kuwa ya tafi.

To, ranar da kundin niyya bai wadatar ba fa?

Ga yadda abin ke kasancewa a shagon buga takardu da rana tsaka. Wuta ta dawo, fanka ta soma juyawa, yaron shago ya danna maɓalli. Maimakon hoton Ubuntu sai baƙin allo da ƴan layukan Ingilishi. A cikinsu akwai /dev/sda2, da jimlar UNEXPECTED INCONSISTENCY; RUN fsck MANUALLY, a ƙasa kuma kalmar initramfs da ɗan tsinken haske yana ƙyaftawa. Mai takarda na tsaye a kansa. Abin da yawancin yara ke yi a nan shi ne su ɗauko kilen USB su sake ɗora Linux daga farko, su share aikin shekara uku na maigida, alhali kwamfutar ta faɗi da bakinta abin da take so da kuma sashen faifan da ke da matsala. Tsayawar nan da ta yi ba mutuwa ba ce. Ta ga rashin daidaito da ba za ta iya yanke hukunci a kansa ita kaɗai ba, shi ya sa ta tsaya tana jiran mutum.

Ƙa'ida ta farko, wadda babu sassauci a cikinta: ba a gyara tsarin fayil yana ɗore ana aiki da shi. Linux na riƙe da nasa hoton faifan a ƙwaƙwalwa. In fsck ta canza abu a ƙarƙashinsa, kowanne zai riƙa rubutu bisa abin da ya sani, ɓarna ta ninka. Ita kanta e2fsck, wato fsck ta ext4, tana gargaɗi da manyan baƙaƙe in aka gwada. A baƙin allon nan na initramfs sashen bai riga ya ɗoru ba, don haka ana iya aiki. In kuwa faifai ne na waje, sai a sauke shi da umount. In sashen da Linux ɗin kansa ke zaune ne kuma kwamfutar na tashi, sai a tashe ta daga kile mai ɗauke da Linux, a duba da lsblk -f a tabbatar da sunan sashe da irin tsarinsa kafin a buga komai. Bambancin sda2 da sdb2 harafi ɗaya ne, kuma ya isa ya sa a yi wa faifan da ke lafiya aiki.

Kafin ma a kai ga fsck akwai tambayar da masu gyara suka fi tsallakewa: littafin ne ya rikice, ko faifan ne ke mutuwa? Nan ne ya kamata a daɗe.

Faifai mai juyawa yana riƙe da tarihin lafiyarsa a cikin kansa, ana karanta shi da smartctl -a daga kunshin smartmontools. Layuka uku ne abin dubawa: lamba 5, adadin wuraren da suka lalace faifan ya musanya su, lamba 197, wuraren da ya kasa karantawa yana jiran hukunci, da lamba 198, waɗanda suka gagara. A 2007 injiniyoyin Google suka wallafa bincike kan faifai sama da 100,000 na rumbunansu. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren karatu na farko ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin ɗari na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama ba sam. Ma'ana, in lambobin nan sun motsa a ɗauki abin da muhimmanci, in ba su motsa ba kada a saki jiki. Binciken bai ɗora wa zafi laifi mai yawa ba, amma a ɗakuna masu sanyaya iska aka yi shi. Shagon kwano a watan Afrilu a Yamai, inda zafin waje ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar kwamfuta tun Janairu, wani yanayi ne dabam. Smartctl na nuna zafin faifan, kuma yawancin kamfanoni ba sa lamunce aiki sama da digiri 55 zuwa 60.

In faifai na ƙara ƙas-ƙas, ko lambobin nan sun hau, ko dmesg na zubo kurakuran karatu, kada a sa masa fsck. Fsck na yawo da allurar faifai ko'ina tana karatu tana rubutu, faifan da ke da sauran awa biyu na rai zai ƙarar da su a gyaran lissafi. Abin yi shi ne a kwafe shi tukuna da ddrescue, manhajar GNU ta Antonio Diaz Diaz. Tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, sannan ta dawo musu daga baya. Tana kuma riƙe da fayil na taswira da ke nuna inda ta tsaya, ta yadda in wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, a nan za ta ci gaba. Ga mai aiki a Yamai wannan siffa kaɗai ta isa dalilin koyonta. Bayan an samu kwafi a faifai mai lafiya, a kan kwafin ake gyara.

In faifan lafiyarsa ƙalau, sai a soma da fsck -n, wadda ke dubawa ta faɗi abin da ta gani ba tare da ta taɓa komai ba. Layuka biyar ko goma na ƙorafi abu ne na yau da kullum bayan ɗaukewar wuta. In kuwa allo ya riƙa gudu da dubban kurakurai, a tsaya: wataƙila an kuskure sashe, ko ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ke da lahani, ko faifan ne.

Sannan a buga fsck -f da sunan sashe. E2fsck na bin zagaye biyar, tana kuma rubuta kowanne a allo. A na farko tana duba katuna da gurabe da girma, nan take gano gurbin da fayil biyu ke ikirarin nasu ne. A na biyu tana karanta foldoji ta ga ko kowane suna na nuni ga katin da ke raye. A na uku tana tabbatar da cewa kowace folda na da hanyar da ta haɗa ta da tushe. A na huɗu tana ƙirga sunaye nawa ke nuni ga kowane kati ta gwada da abin da katin ya ce. A na biyar tana sake zana taswirorin bisa abin da ta gani da idonta. Duk inda ta ga saɓani sai ta tambaya ko a gyara. Akwai -y, mai amsa e ga kowace tambaya, kuma ita aka fi yaɗawa a tsakanin masu gyara. Ba laifi ba ce in akwai kwafi a ajiye. In babu, a san cewa wasu tambayoyin ma'anarsu a share kati ne, kuma burin fsck shi ne lissafi ya daidaita, ko da daidaituwar ta ci fayil ɗin da mai kwamfuta ya fi so.

Abin da ta tsinto babu suna tana zuba shi a foldar lost+found, wadda ke tushen kowane sashe na ext4. Wanda ya buɗe ta bayan babban gyara zai tarar da fayiloli masu sunan lamba da alamar # a gaba, lambar katin ke nan, tunda sunan ya tafi tare da foldar da ta lalace. A nan ake gane mai gyara mai haƙuri. Zai shiga da ikon mai gida, wato root, ya buga file a kansu, kwamfuta ta riƙa faɗa masa: wannan hoto ne, wannan PDF, wannan takardar LibreOffice. Ya jera su bisa girma da kwanan wata, ya kira mai kaya su zauna tare suna buɗewa ɗaya-ɗaya. Hoton ɗaurin aure, takardar fili da aka ɗauka da na'ura, lissafin adashe. Da yawa daga abin da ake cewa ya ɓace yana kwance a foldar nan, ba wanda ya leƙa. Abin da bai fito a can ba, ana iya nemansa da PhotoRec ta Christophe Grenier, da sharaɗin a wani faifai dabam za a zuba abin da ta tono.

Wani lokaci fsck kan ce ba ta ga babban shafi ba sam. Ext4 na ajiye kwafinsa a wurare da dama, kuma a tsarin da gurbinsa ke da bayit 4096 kwafin farko na gurbi na 32768. Sai a ba e2fsck wannan lamba da -b.

Duk wannan na ext4 ne. XFS, wanda Silicon Graphics ta ƙirƙira kuma Red Hat ta mai da shi zaɓinta tun 2014, da xfs_repair ake gyara shi, fsck.xfs ba ta yin komai. Btrfs, zaɓin openSUSE da kuma Fedora tun 2020, yana riƙe da lambar tantancewa ga bayanai kansu, ana bin sa da btrfs scrub yana ɗore, kuma masu shi da kansu sun yi gargaɗi kada a taɓa btrfs check --repair sai da shawarar masani.

Kada kuma a ɗauka manhajar ba ta kuskure. A watan Disamban 2023 Debian ta dakatar da fitar da sigarta ta 12.3 saboda an gano lahani a Linux 6.1.64 da ke iya lalata bayanai a ext4, aka tsallake zuwa 12.4 bayan gyara. Amfanin buɗaɗɗen tushe ya bayyana a nan, an gano, an sanar, an gyara cikin kwanaki a bainar jama'a. Amma wanda lahanin ya riga ya taɓa fayil ɗinsa, kwafin ajiya kawai zai cece shi.

A da, tsarin kan tilasta cikakken dubawa bayan wasu adadin tashi ko bayan wata shida. Sababbin sigogi sun kashe wannan, bisa tunanin kundin niyya ya wadatar. Hukuncin ya dace da inda wuta ba ta ɗaukewa. Inda kwamfuta ke mutuwa farat ɗaya sau da yawa a mako, ya fi kyau a maido da shi da tune2fs -c 30, ko tune2fs -i 1m don dubawa duk wata. Wanda ke so a duba sau ɗaya kawai a tashi na gaba, sai ya ƙara fsck.mode=force a layin tashi na GRUB. A ext4 cikakken dubawa na kwamfutar ofis mintuna kaɗan ne.

Sai maganar tattarawa.

Matsalar gaskiya ce a asalinta. Faifai mai juyawa sau 7200 a minti yana zagaye ɗaya cikin kimanin kashi 8 cikin dubu na daƙiƙa, allurarsa kuma na cin kusan haka kafin ta tashi daga wuri zuwa wani. Fayil da ya gutsuttsure gida dubu zai ɓata sama da daƙiƙa goma a tsalle-tsalle kawai. Tsarin FAT na zamanin DOS da Windows 98 yakan cusa sabon fayil a sararin da ya fara samu, ko ya ishe shi ko bai ishe shi ba, shi ya sa masu amfani da shi suka tashi da al'adar tattarawa.

Zuriyar Unix ta bi wata hanya tun 1983, lokacin da Kirk McKusick da abokan aikinsa a Berkeley suka fito da tsarin da ke raba faifai rukuni-rukuni, yana ajiye fayil kusa da katinsa da foldarsa, yana barin sarari a tsakani don girma. Ext2 ta gaji wannan. Ext4 ta ƙara biyu: tana ba fayil dogon fili a jere, har megabayit 128 a shimfiɗa ɗaya, kuma tana jinkirta zaɓen wuri har sai ta ga girman abin da za a rubuta. Jinkirin nan shi ne ya haifar da rikicin 2009, shi ne kuma ke hana gutsuttsurewa. Ga kuma kashi 5 cikin ɗari na faifai da ake warewa tun farko, wanda ke taimaka wa tsarin ya samu wurin juyawa.

Ba sai an yi gardama ba, ana iya aunawa. Layin ƙarshe da fsck ke bugawa yana nuna kashin fayilolin da ba sa jere. Filefrag na faɗin gida nawa fayil guda ya rabu. E4defrag -c, manhajar da injiniyoyin NEC na Japan suka rubuta, tana ba da maki: daga 0 zuwa 30 babu matsala, daga 31 zuwa 55 an ɗan warwatse, daga 56 zuwa sama a tattara. Mai gyaran da ya gwada wannan a kwamfutocin da ake kawo masa da ƙorafin nauyi zai ga mafi yawansu suna can ƙasa. Nauyin daga wani wuri yake: ƙwaƙwalwa ta yi kaɗan ga burauzar zamani, ko zafi ya sa injin rage gudu, ko faifan na ta maimaita karatu a wurin da ya lalace. A wannan hali na ƙarshe tattarawa cutarwa ce, domin kwashe fayiloli daga wuri zuwa wuri aiki ne mai nauyi ga faifan da ke jinya.

Inda ake buƙatarta da gaske sananne ne: faifan da ya daɗe a cike sama da kashi 90, kamar na masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya, waɗanda kullum suna sharewa suna zubawa; manyan fayilolin da ake saukewa gutsure-gutsure; da faifan kwamfutar kwaikwayo ko rumbun bayanai da ke girma kaɗan-kaɗan. A nan e4defrag na aiki, kuma saɓanin fsck, tsarin na ɗore ake yin ta. Amma sai an fara samar da sarari, don ba ta iya jera fayil inda babu fili. XFS na da xfs_fsr. A Btrfs a yi hattara, tattarawa na raba fayil da hotunan ajiyarsa, wurin da suke ci ya ƙaru.

SSD kuwa ba shi da allura, ba ya juyawa, nisan gurbi da gurbi ba ya ɓata masa lokacin kirki, kuma kowane rubutu na rage masa kwana. Ba a tattara shi. Abin da yake so shi ne fstrim, wadda ke sanar da shi guraben da aka share, kuma Ubuntu na yin ta da kanta duk mako.

Saura abin da ya fi yawa a aljihun mutane. Wayar Android da Linux take aiki, cikinta ext4 ne ko F2FS da Samsung ta ƙirƙira, kuma tana duba kanta a wajen tashi. Amma katin memori da kile yawanci FAT32 ne ko exFAT, ba su da kundin niyya. Zare kile ana tsakiyar kwafi daidai yake da ɗauke wa faifai wuta, kuma ana yin sa kullum a shaguna saboda sauri. Linux na iya gyara su da fsck.vfat da fsck.exfat, bayan an sauke su. Faifan waje mai NTFS dabam ne: ntfsfix ƙananan gyare-gyare kawai take yi, ta bar alama don Windows ta ƙarasa, saboda haka a kai shi ga chkdsk.

Akwai kuma kilen da za a gyara yau, gobe ya sake lalacewa, a gyara jibi. Sau da yawa jabu ne. An rubuta 64 ko 128 a jikinsa, kwamfuta ma haka take gani, alhali ainihin abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. In ya cika, ko dai ya zubar da sabon abin da aka ba shi shiru, ko ya koma farko ya rubuta a kan na da. Fsck ba ta da abin yi a nan, don lissafin da take gyarawa na wurin da babu shi ne. Irin wannan kaya na yawo a kasuwannin waya daga Yamai har Kano, kuma sau da yawa mai sayarwar ma bai sani ba, haka aka kawo masa. Manhajar f3 ta Michel Machado ce ke tona shi: f3write ta cika kilen da fayiloli masu gigabayit ɗaya-ɗaya, f3read ta karanta su ta faɗi nawa suka dawo daidai, f3probe kuma ta yi gwajin cikin ɗan lokaci, sai dai tana iya share abin da ke ciki. Mai shagon da ke sayen kile da yawa, ya gwada ɗaya daga kowane kwali tun kafin ya biya, kuma kada ya zuba wa kowa kwafin ajiya a kilen da bai bi ta wannan gwaji ba.